Tumatir Ɗan Gado Da Kiɗan Da Ke Tsuma Zuciya

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan abubuwa biyu waɗanda duk wanda ya ji an ambace su tare zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Na farko shi ne noman tumatir ɗan gado a ɗan lambun bayan ɗaki. Na biyu kuwa shi ne halin nan da mutum kan shiga idan ya ji wani kiɗa, ko ya ga wani hawa na ƙasaita, ko wani aikin hannu, har tsikar jikinsa ta tashi, ya rasa bakin magana. Ra'ayina shi ne abubuwan nan biyu uwa ɗaya ta haife su. Dukansu gado ne da ake miƙawa hannu da hannu, dukansu ba su son gaggawa, kuma dukansu in aka yi sake na 'yan shekaru sai a neme su a rasa. Saboda haka nake ganin ya kamata kowane ɗayanmu ya sami ɗan kwami a gidansu, ya shuka irin da, ya kuma koyi ajiye shi.

Bari mu fara da tumatir ɗin kansa. Yau in uwargida ta rasa tumatir sai ka ga kamar ranar ba za a ɗora tukunya ba, har wani ya zaci tun fil azal muke tare da shi. Alhali kuwa baƙo ne. Asalinsa daga yammacin Amurka ta Kudu yake, wajen ƙasashen Peru da Ekwado, inda yake fitowa a daji da 'yan ƙananan 'ya'ya. Mutanen Meksiko na da suka mai da shi abin nomawa sosai, kuma daga sunan da suke kiransa, watau tomatl, aka sami sunan da Turawa ke kiransa, mu kuma muka ara muka ce tumatir. Mutanen Sifen suka kai shi Turai bayan sun ci Meksiko da yaƙi a 1521, kuma a 1544 wani masanin tsirrai na Italiya mai suna Mattioli ya rubuta bayaninsa. Ɗan'uwan gauta ne da yalo da barkono da dankalin Turawa. Kakanninmu sun daɗe suna kaɗa miyar kuka da ta kuɓewa da daddawa kafin ya iso mana. To, amma duk ƙasar da ya sauka sai manoman wurin su riƙa zaɓen wanda ya fi yi musu daɗi, ya fi karɓar ƙasarsu, su ajiye irinsa. Da haka aka wayi gari akwai tumatir iri dubbai a duniya. Akwai ja, akwai rawaya, akwai mai duhu kamar ɗinya. Wani bai fi kanya girma ba, wani kuwa sai ya cika tafin hannu biyu.

Abin da nake kira ɗan gado shi ne irin da aka daɗe ana shukawa a gida ɗaya ko gari ɗaya, wanda in ka ɗebi ƙwayarsa bana ka shuka baɗi zai fito kamar uwarsa. Wannan na yiwuwa ne domin furen tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara. Kishiyarsa shi ne iri ɗan aure, wanda za ku ga an rubuta F1 a jikin takardarsa. Shi wannan, kamfani ne ke haɗa iri biyu daban-daban ya sami ɗa mai ƙarfi, mai yawan haihuwa. Ba kamar alfadari yake ba da ba ya haihuwa sam. Yana haihuwa, sai dai 'ya'yansa ba su kama da shi, wani ya ɗauko kaka na wajen uwa, wani na wajen uba, kamar dai yadda muka karanta a darasin Mendel cikin ilmin halittu. Don haka mai noma ɗan aure tilas ne ya koma kanti ya sayi sabon iri kowace shekara, shi kuwa mai ɗan gado irinsa na cikin ɗakinsa.

Kowane iri na gado yana da labarinsa. A Amurka akwai wani da ake kira Mortgage Lifter, watau mai sauke jinginar gida. Ana ba da labarin wani mai gyaran lagireton mota a jihar West Virginia, M. C. Byles, wanda ya yi shekaru yana haɗa manyan tumatir yana zaɓe har irin ya zauna. Daga nan ya riƙa sayar da dashe ɗaya a kan dala 1, cikin shekara 6 ya biya bashin dala 6,000 da ke kan gidansa. Haka kuma a 1975 wata mata mai suna Diane Ott Whealy da mijinta Kent suka kafa ƙungiyar musayar iri da ake kira Seed Savers Exchange. Abin da ya sa su yin haka shi ne kakan matar ya ba ta irin wani tumatir da na wani fure waɗanda iyayensa suka zo da su daga Jamus, ba da daɗewa ba ya rasu. Sai suka lura da ba su karɓa ba, da irin ya bi tsohon kabari. Ƙungiyar nan ta tara iri fiye da 20,000 na kayan lambu da itatuwa.

Wani zai tambaya, to mene ne aibin tumatir ɗin zamani? Masana sun amsa wannan. A 2012 wasu masu bincike, a ƙarƙashin Ann Powell ta Jami'ar Kalifoniya, suka gano wani abin mamaki. Tumatir ɗin da yakan kasance da duhun kore a kafaɗarsa, wajen gindin ƙara, kuma nan ne ke daɗewa bai nuna ba. Masu kyautata iri suka yi shekaru da dama suna zaɓen wanda ke nuna gaba ɗaya, ja zur, don ya fi kyaun gani a kasuwa. Ashe koren nan da suka kawar shi ne ke taimaka wa ɗan tumatir ya tara zaƙi daga hasken rana. Sa'an nan a 2017 Harry Klee na Jami'ar Florida da abokan aikinsa suka gwada tumatir iri 398, suka ga na zamani ya rasa da yawa daga sinadaran da ke ba da ƙamshi. Ba wanda ya yi niyyar kashe daɗin tumatir. An dai mai da hankali ne ga yawa da tauri da kyaun ido, ba wanda ya tuna da harshe, har daɗin ya sulale a hankali ba a sani ba. Ku riƙe wannan magana, za mu sake bukatarta.

Mu ma a nan haka abin yake tafiya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Garun Malam, ana loda kwanduna a Kwanar Gafan a nufi kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Tumatir ɗin da zai yi wannan tafiya a cikin kwando, wani bisa wani, dole ya zama mai tauri kamar Roma ko UTC. Namu na da, mai tsage-tsage kamar kabewa, mai ruwa da ɗan tsami da ƙamshi, kafin a kai Zariya ya fashe. Ba na ganin laifin manomi ko kaɗan, domin da cinikin nan yake ciyar da iyali, da shi ake biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta. Amma sakamakon shi ne irin da yana ta ja da baya, ya koma hannun tsofaffi a ƙauyuka. Kuma mun ga abin da ya faru a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashi ya ninka sau da yawa. Tsutsar ba ta bar na da ba, ba ta bar na zamani ba. Sai dai duk ran da irin wannan annoba ta zo, masu bincike cikin tsofaffin iri da na daji suke shiga neman wanda ke da juriya. In an bar su sun ɓace, ina za a nema?

To, yanzu mu ajiye tumatir mu dubi ɗaya gefen. Hausawa na da kalma mai kyau ga abin da nake nufi, ita ce tsuma. Ku dubi ɗan dambe a zaune shiru a gefen fage. Da zarar makaɗi ya saki takensa a kalangu sai ka ga jikinsa na ɓari, ya miƙe yana kirari, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Abin da ya sa waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ba ta tsufa ke nan, ko wanda bai taɓa ɗaura zare a hannu ba in ya saurare ta yakan ji wani abu na yi masa yawo a jiki. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu a Kano ranar Hawan Daushe, ya ji kakaki da algaita da tambari sun haɗu da ƙarar bindiga, ya ga mahaya sun sako dawaki a guje sun ja linzami gaban Sarki, ya san akwai lokacin da ido da kunne kan ɗauki abin da ya fi ƙarfin baki. Wannan hawa ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya na gado a watan Disamba na 2024. Kuma abin bai tsaya ga Bahaushe ba. A 1817 wani marubucin Faransa da ake kira Stendhal ya shiga wata tsohuwar majami'a a birnin Florence na Italiya, ya tsaya kallon zane-zanen da ke ciki, da ya fito zuciyarsa na bugawa, yana tafiya kamar zai faɗi. Daga baya wata likita ta birnin, Graziella Magherini, ta sa wa wannan hali sunansa, bayan ta duba baƙi fiye da 100 da aka kawo asibiti da jiri da faɗuwar gaba sakamakon kallon ayyukan fasaha.

Ina dangantakar wannan da lambu? Ta farko ita ce, abin da ke tsuma mutum cikin minti ɗaya an yi shekaru ana renonsa. Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya tashi, ya daɗe yana amshi kafin ya kama kansa, kuma bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka ci gaba da kotso. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja ta da, watau Suleja, a 1954, har tukwanenta suka kai Ingila da Amurka. Kowannensu ƙwaya ce da aka ɗebo daga uwa mai kyau aka shuka. In sarƙar ta katse sau ɗaya, shi ke nan. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Muna da muryoyinsu a faifai da waya, alhamdu lillahi, amma yara nawa ne a unguwarku suka iya ɗaura tsirkiyar kuntigi? Akwai wata ma'ajiyar iri a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, cikin dutse mai ƙanƙara, wadda aka buɗe a 2008, tana riƙe da samfurin iri fiye da miliyan 1, har da wanda aka aika daga Ibadan. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma masu ajiyar iri da kansu sun san ƙwaya ba ta rayuwa har abada a cikin sanyi, sai an riƙa fito da ita ana shukawa ana sabuntawa. Waƙa a faifai ma haka take, tana jiran wanda zai koya.

Dangantaka ta biyu ta shafi mu masu kallo da sauraro. Kun tuna yadda daɗin tumatir ya sulale don an bi yawa da kyaun ido? Ina tsoron abin da ke faruwa da kunnuwanmu ke nan. Yau ɗalibi na iya jin gutsuren waƙa hamsin a wayar hannu kafin ya yi barci, kowace bai ba ta rabin minti ba ya ture ta da yatsa. Ya ga da yawa, ya ji da yawa, amma ba wadda ta tsaya masa a rai, domin tsuma ba ta kama mai sauri. Sai wanda ya zauna, ya bari makaɗi ya yi shimfiɗa, 'yan amshi su karɓa, waƙa ta hau a hankali har ta kai inda za ta kai. To, wannan zama da wannan lura, lambu na koyar da su fiye da kowane malami. Wanda ke duba kwaminsa safe da yamma zai gane bambancin ganyen da ke jin ƙishirwa da wanda tsutsa ta shiga, zai san ƙamshin da ke maƙalewa a hannu in an taɓa ƙaran tumatir, zai jira wata uku don ɗa guda ya nuna. Idon da ya saba da wannan shi ne zai tsaya gaban riga mai aska takwas ya ga aikin allura, ko gaban zanen soro ya ga hannun magini.

Akwai wani labari na gaskiya da ya haɗa abubuwan nan biyu a gari ɗaya. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad na Rasha ƙawanya daga watan Satumba na 1941 har zuwa Janairu na 1944. Yunwa da sanyi suka kashe dubban ɗaruruwan mutane. A cikin birnin akwai cibiyar da wani masani, Nikolai Vavilov, ya tara iri daga nahiyoyi biyar. Shi kansa gwamnatinsu ta kama shi a 1940, ya mutu a kurkuku a 1943. Ma'aikatansa suka zauna gadin irin nan, ga shinkafa, ga alkama, ga gyaɗa a gabansu, amma da dama daga cikinsu suka mutu da yunwa ba su ci ba, don sun san amanar na baya ce. A cikin wannan hali kuma, ranar 9 ga Agusta, 1942, aka tara makaɗan da suka rage a birnin, a ƙarƙashin Karl Eliasberg, suka kaɗa wani dogon kiɗa na fiye da sa'a guda wanda Dmitri Shostakovich ya tsara. A gwajin farko makaɗa wajen 15 kaɗai suka iya zuwa, masu busa ma numfashinsu ba ya kaiwa, sai da aka ƙara musu abinci aka kuma nemo wasu daga cikin soja. Aka sa lasifika a tituna, jama'a suka saurara suna hawaye. Mutanen da ke bakin mutuwa sun ga iri da kiɗa sun cancanci a tsare su da rai. Mu da ke cikin lafiya, wane uzuri gare mu?

Na san wani zai ce ga jarrabawa a gaba, ina lokacin wasa da ƙasa? Wani kuma ya ce gidansu siminti ne, ko ya ce ɗan gado ba ya haihuwa da yawa, ga saurin fashewa da kamuwa da cuta. Maganar ƙarshen nan gaskiya ce, shi ya sa ban ce a kai shi Legas ba. Daga bayan ɗaki zuwa madafa taku nawa ne? Maganar wuri kuwa, tsohon buhu ko fasasshen bokiti da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki ya isa tushe ɗaya. Lokaci kuma, minti goma da safe da goma da yamma bai kai wanda muke ɓatawa a kan waya ba, kuma mai yin haka yana bitar darasin aikin gona da na ilmin halittu ne da hannunsa.

Ga yadda ake yi a taƙaice. Idan aka yi hutu, ka tambayi kaka ko wani tsohon mai lambu ya ba ka irin da ya daɗe yana ajiyewa, ka kuma tambayi sunansa da inda ya samo shi, ka rubuta. Ka yi yafi bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, domin tumatir na son sanyin hunturu, in zafi ya haura digiri 35 furensa zubewa yake. Cikin mako guda ko kwana goma zai tsiro. Bayan mako huɗu ko biyar ka dasa da yamma, ka bar kamar taku biyu tsakanin tushe da tushe. Ka kafa masa sanda ka ɗaure, ka riƙa zuba ruwa a gindi ban da kan ganye, ka kewaye da zana ko ƙaya saboda awaki da kaji. In ya nuna, ka zaɓi ɗa mafi kyau daga tushe mafi lafiya, kada ka ci shi. Ka matse ƙwayar da ruwanta a kofi, ka bar ta kwana biyu ko uku ta yi tsami, domin wannan ne ke cire yauƙin da ke hana ta tsira. Sa'an nan ka wanke, ƙwaya mai kyau za ta nutse ƙasa, ka shanya ta a faifai cikin inuwa har ta bushe ƙayau. Ka ƙunshe a takarda, ka rubuta suna da shekara, ka sa a kwalba wuri mai sanyi. Tana iya kai shekara huɗu ba ta mutu ba. Kuma kada ka manta ka raba wa maƙwabta, domin irin da ke gida ɗaya kaɗai akuya ɗaya na iya gamawa da shi.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabannin makaranta su ware mana ɗan fili a gonar makaranta don irin gado kaɗai, kowane ɗalibi ya kawo na garinsu, a yi littafi a riƙa rubutawa, 'yan aji na sama su miƙa wa na ƙasa kafin su fita. Ina kuma roƙon masu kula da sashen Hausa su riƙa gayyato mana tsofaffin makaɗa da marina da masu ɗinkin hannu, ko sau ɗaya a zango, mu ajiye wayoyinmu mu zauna mu saurara daga farko har ƙarshe, wanda ke da sha'awa ya koya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta. Tsofaffin da ke riƙe da ƙullin iri da waɗanda ke riƙe da taken kiɗa kullum raguwa suke yi, mu ne kuma aka sa ran za mu karɓa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa albarka a karatunmu da abin da muka shuka, amin.